Yadda Tumatirin Gara Ya Mai da Ni Makwaɗaiciya

Wata shida ke nan ina cewa zan rubuta wannan abu ina fasawa. Sau uku ina farawa a waya ina gogewa. Sau ɗaya ma har na kai ƙarshe, sai na tuna Keffi ba ta da girman da za a ɓoye labari a cikinta, na sake gogewa. Ga shi karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su gani su yi mini dariya. Amma abin ya ƙi barin zuciyata, don haka ku yi haƙuri da ni. Sunayen da za ku gani duk na canza su. In ma kun gane mu, ku yi kamar ba ku gane ba.

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo garar Bashir ba.

Bari in fara da faɗin aibina, don kada wani ya riga ni. Allah ya yi ni da waswasi. Ni ce mai kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon in ji ko ya kama. Latas sai na wanke shi da gishiri sau uku, in kuma tsaya ina kallonsa kamar zai yi magana. Tun wata rana da na je awon cikin ɗana na biyu, wata nas ta ɗaga gwangwanin madara ta nuna mana inda ake rubuta ranar da wa'adin abu yake ƙarewa, ban ƙara samun kwanciyar hankali a kanti ba. Sauran matan sun ji sun watsar, ni kuwa na ɗauka na rataya a wuya. Har ledar gishiri juyawa nake yi (na san gishiri ba ya ruɓewa, amma in ba ya ruɓewa, me ya sa suka buga masa lamba?). Saboda wannan hali ne taubashiyata Talatu, 'yar kawuna, ta laƙaba mini Dubagari, sunan kuma ya bi ni har gidan miji.

Bashir ɗan yayana ne. Mu 'yan unguwar Yara ne, ya auro yarinya daga wani gida mai mutunci a unguwar Gangaren Tudu. Kwana bakwai da tarewa aka aiko cewa za a kawo gara, wato kayan abincin nan da dangin amarya ke kawowa gidan iyayen ango. Da yake Bashir ɗan fari ne, uwarsa tana alkunya, ba za ta fito ta karɓa ba. Aikin ya faɗo kaina, ni gwaggonsa.

Da safe Yaya ya kira ni zaure.

"Auta," ya ce, don har yau haka yake kira na ko da yake na aurar da 'ya, "na san halinki. Don girman Allah yau ki riƙe idonki. Gara ba kasuwa ba ce. Abin da aka ajiye miki ki ce an gode, ki sa albarka."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce wata yarinya."

"Da yarinya ce da ban damu ba."

Gaskiyarsa ne. Kowa ya san ƙa'idar: gara ba a ɗaga ta a auna, ba a buɗe buhu a ga irin shinkafar, ba a tambayar inda aka saya. Ko kwano ɗaya aka kawo, cewa za ka yi an sha ɗawainiya. Na yi wa Yaya alkawari, har cikin zuciyata kuma na yi niyyar cikawa.

Bayan la'asar suka iso da guɗa, mata wajen goma. Mai jagorantarsu Hajiya Ladi ce, yayar uwar amarya, doguwar mace mai tabarau, wadda aka ce ta yi aikin gwamnati shekara da shekaru kafin ta huta. Aka jera kaya a tsakar gida: shinkafa, taliya, jarkar man gyaɗa, manja, man shanu a ƙwarya, ga alkaki da nakiya da dubulan cikin manyan fantekoki, sai katan ɗaya na tumatirin gwangwani, ƙananan nan. Maƙwabta suka shigo kallo. Na yi godiya yadda ya kamata, na sa albarka, aka ba da tukwici. Hannuwana biyu na riƙe su a cikin mayafi, kamar mai jin sanyi. Talatu tana gefena tana zunguri na.

"Dubagari, yau an ɗaure akuya a gaban dusa. Ya kike ji?"

"Lafiya lau nake ji."

"Ƙarya kike, ga gumi nan a hancinki."

Da aka shigar da baƙi ɗaki aka kai musu abinci, sai aka ce a kwashe kaya a kai sito. A nan Shaiɗan ya same ni. Na ɗauki katan ɗin tumatirin, na shiga siton ni kaɗai, na ga bakinsa ya ɗan buɗe. Ban buɗe shi ba, Allah shaida, a buɗe na same shi. Na ce wa kaina alkawarin da na yi wa Yaya na gaban mutane ne, nan kuwa babu kowa. Na zaro ɗaya na juya gindinsa.

Watan uku aka rubuta. Mu kuwa muna cikin watan shida.

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa daga baya. Na zaro na biyu, na zaro na uku daga can ƙasa, duk bakinsu ɗaya. Na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ko idona ne, na kankare lambar da farce ko datti ne ya mai da takwas uku. Uku ce, tana nan daram.

Nan fa zuciyata ta shiga aikinta. Sun sani ko ba su sani ba? Mace mai tabarau, tsohuwar ma'aikaciya, a ce ba ta iya karanta lamba ba? Ko mai kanti ne ya ga 'yan biki suna sauri ya tura musu kwantai? Ko kuwa sun samu da araha ne suka ce ai mutanen Yara ba sa dubawa? In tumatirin haka yake, to man gyaɗan fa? Na buɗe jarkar na sansana. Na koma kan taliya na duba, ita lafiyarta ƙalau, amma hakan ma bai kwantar mini da hankali ba, sai na ga kamar an sa ta ne don a rufe mana ido. (Ku gafarce ni, mutanen kirki ne. Ina faɗa muku abin da ya zo mini ne kawai.)

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rabo. Gara ba a cinye ta a gida ɗaya. Washegari za a kasa ta, a aika wa dangi da maƙwabta, kowa ya samu albarkar aure. Wa zai kasa? Ni. Na hango gidaje ashirin a Yara ana layin banɗaki, ana riƙe da ciki, ana cewa gwaggon ango ce ta aiko. Na hango tsohuwar nan Inna da ke bayan masallaci, wadda ko ruwan sanyi ta sha sai ta kwanta. Har likkafani na hango, kada in ɓoye muku.

In na gaya wa Yaya, zai ce ya hana ni ban hanu ba. In na gaya wa matarsa, kafin magariba maganar ta kai Gangaren Tudu cewa dangin ango sun ce an kawo musu ruɓaɓɓen kaya, yarinyar da ko lallen hannunta bai goge ba ta fara zaman aure da wannan tabo. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da in ta zo wa mutum yake jin ya fi kowa wayo. Gidana yana lungun baya, taku kaɗan ne. Zan fitar da katan ɗin ta ƙofar baya in kai gidana, gobe da sassafe in shiga kasuwa in sayo sabo irinsa in mayar, wancan kuma in haƙa rami in binne. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, ba wanda ya mutu.

Na fito da shi na ajiye a gindin randa, kusa da ƙofar baya, na rufa masa tsohon zani, ina jiran tsakar gida ta yi sauƙi. Ni da nake ganin lambar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ban ga cewa ƙasan wurin a jiƙe yake sharkaf ba. Ya kai rabin awa a nan yana shan ruwa. Da na ji baƙi sun yi sallama sun fita ta zaure, sauran mata sun bi su rakiya, sai na ce yanzu ne. Na ɗora shi a ka da zaninsa, kamar mai kai wanki, na buɗe ƙofar baya na fita.

Abin da ban sani ba, tunda ina ciki lokacin da suka iso, shi ne lungun gabanmu ya yi wa motarsu ƙunci. Direba ya zagaya ya tsaya a bakin lungun baya. Ina shan kwana sai ga ni ga su: Hajiya Ladi, da matan nan goma, da 'yan rakiya, da Talatu, duk suna tsaye ana sallama ta ƙarshe.

Da na ci gaba da tafiya kawai, wataƙila da na wuce a matsayin mai wanki. Amma na tsaya cak, na juya da sauri zan koma. Juyawar nan ce ta ƙarasa gindin katan ɗin. Na ji wani abu ya sauka a kafaɗata, wani a bayana, sai kuma duka suka zubo. Lungunmu gangare ne. Gwangwanaye suka kama hanya suna ƙara, wasu suka faɗa kwata, wasu suka shige ƙarƙashin mota, uku ko huɗu suka je suka tsaya a ƙafar Hajiya Ladi kamar sun gane mai su. Ni kuma ina tsaye da kwalin da babu komai a kaina, zani ya rufe mini rabin fuska.

Lungun ya yi tsit. Ko direban da ke cin rake ya daina tauna.

Talatu ce ta fara magana, don ita ba ta san inda ake yin shiru ba.

"Ikon Allah. Shekara ashirin kina duba kayan mutane, ashe zaɓe kike yi."

Wata daga cikin baƙin ta toshe baki da mayafi. Hajiya Ladi ta sunkuya ta ɗauki gwangwani ɗaya, ta juya shi a hannunta, ta goge masa ƙasa da gefen mayafinta. Sannan ta dube ni ta saman tabarau, murya a kwance.

"Gwaggon ango, lafiya dai ko? Ko wani abu ne ya samu kayan namu?"

Ga gaskiya a bakina, kalma huɗu ce kawai: Hajiya, wa'adinsa ya wuce. In na faɗa, na wanke kaina daga sata, amma na tsinka mata goma a gaban maƙwabta, na kuma jiƙa wa amarya aiki. In na yi shiru, ni ce gwaggon da ta sace garar ɗanta tun masu kawowa ba su bar unguwa ba. Gaba kura, baya sayaki. Na duba fuskokin matan nan, sun sha kwalliya, sun yi ɗawainiya, suna jiran su koma gida su ce an karɓe su da mutunci.

Na ji bakina yana cewa, "Babu abin da ya same su, Hajiya. Kwaɗayi ne. Ina son irin wannan tumatirin ne, na ce bari in ɗauke kafin a raba."

(Ku lura ban ce wallahi ba. Ko a cikin wannan hali na tuna da kaffara.)

Sai Hajiya Ladi ta fashe da dariya, sauran suka taya ta. Ba dariyar mugunta ba ce, kuma wannan ya fi ciwo.

"Haba Gwaggo, ai da kin yi magana. Don wannan ne za ki bi ta ƙofar baya? Ku tattara mata kayanta. Wannan naki ne, halak malak. Na gida kuma za mu aiko da wani."

"A'a Hajiya, don Allah kada ku wahalar da kanku."

"Wace wahala? Mu da muka samu mai yaba kayanmu."

Haka surukanmu, da leshi da sarƙoƙinsu, suka duƙa suna tsince mini gwangwani a lungu. Direba ya kwanta ya zaro na ƙarƙashin mota. Aka tara mini a zanin nan, na ƙulle na rungume, na yi godiya. Har na juya na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta a hankali, "Baiwar Allah, ƙila gidan nata babu." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "Auta, na ce ki riƙe idonki, ashe hannun ya kamata in ce." Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna in na yi bayanin na tona cewa idon ma ban riƙe ba. Na rufe bakina.

Kwana biyu bayan nan Hajiya Ladi ta cika alkawari, ta aiko da sabon katan gidan Yaya. Ina jin labari na saka hijabi na tafi. Kafin in isa matar Yaya ta riga ta raba, tunda an ga abin da ya faru da mai rabon farko. Na samu guda ɗaya a kicin ɗinta, na faki ido na juya. Watan uku. Kanti ɗaya, kaya ɗaya. Duk kunyar da na sha, a banza na sha ta.

Satin nan ban zauna ba. Na bi gidajen da aka kai wa rabo ɗaya bayan ɗaya da sunan zumunci. In an gama gaisawa sai in ce, "Ya jikin yara? Babu mai ciwon ciki dai ko?" Har wata ta ce, "Gwaggo, ko annoba aka ce ta shigo gari?" Na je wurin Inna ta bayan masallaci na tarar tana sharar tsakar gida, ta ce miyar da ta yi da tumatirin nan ta daɗe ba ta ci irinta ba, ko akwai saura? Babu wanda ya yi ko gyatsa. Za ku ce ai shi ke nan, hankalina ya kwanta. Ina fa. Cewa na yi ƙila irin wanda yake aiki a hankali ne.

Na yi tambaya, kada ku ce ban yi ba. Maigidana ya ce wuta tana kashe komai, in soya shi da kyau. Mai kemis ɗin bakin titi ko kallon gwangwanin bai yi ba ya ce in zubar. Maƙwabciyata nas ce, ita ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce yawancin lambar nan ta abincin gwangwani tana nuna lokacin da ɗanɗanonsa da kyansa suke cikakku ne, ba wai ranar tana cika ya zama guba ba. Ta ce jikin gwangwanin ake dubawa: in ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa sosai musamman ta bakinsa, ko yana yoyo, ko an buɗe ya yi tsartuwa ko wari, to ko ɗanɗanawa kada a yi, kuma kada a dogara da wuta. Na ji daɗi har na fara murmushi. Sai ta ƙara da cewa shi tumatir yana da tsami, ba ya jure daɗewa kamar sauran, ga kuma zafin garin nan. Na ce to in ci ko kada in ci? Ta ce, "Maman yara, ni dai na gaya miki abin da na sani." Kun ji masu ilimi, sai su kai ka tsakiyar kogi su ce ga gaɓa can.

Na koma gida na zazzage su a tabarma ina duba su ɗaya-ɗaya. Kusan rabinsu sun lotsa. To lotsawar nan ta kanti ce, ko ta faɗuwar da suka yi daga kaina? Wanda ya faɗa kwata kuma, tsatsar da nake gani a bakinsa ta yaushe ce? Na ware su kashi uku: waɗanda na yarda da su kaɗan, waɗanda ban yarda da su ba, da waɗanda suke kallona ina kallonsu. Kullum da safe sai na danna kan kowanne da babban yatsa in ji ko ya fara tashi.

Zubarwa kuma ta gagare ni. Kyautar suruka ce, an ba ni a gaban shaidu. In abinci ne mai kyau na binne, na yi almubazzaranci. In na ba wani, ya ci ya kwanta, alhakinsa a wuyana.

Sunan kuwa ya riga ya tafi. Duk bikin da na je yanzu, in an zo zuba miya sai a ce, "A ƙara wa Gwaggo, ita da tumatir ba a shiga tsakaninsu." Talatu ta ajiye Dubagari, yanzu Hajiya Gwangwani take kira na, ko a gaban 'ya'yana. Abu ɗaya ne yake sanyaya mini rai: amaryar Bashir tana zaune lafiya, dangi biyu kuma sai son barka. An ce ma a Gangaren Tudu suna yabona, wai ba ni da girman kai, abin da nake so ba na ɓoyewa.

Darasin da na koya bai da yawa. Kayan da aka kawo maka da guɗa, ta sama ake kallonsu. In kuwa ka kasa haƙuri ka leƙa gindinsu, to abin da ka gani naka ne kai kaɗai, kai za ka kwana da shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na daure na rubuta. Shekaranjiya Hajiya Ladi ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce ranar Asabar za ta shigo Yara duba amarya, za ta biyo ta gidana ta ci shinkafa da miyar tumatirin nan da nake so, in dai ban cinye ba. Ta yi 'yar dariya ta kashe. Tun lokacin nake juya dariyar nan. Ta zumunci ce, ko kuwa ranar nan da ta goge gwangwanin da mayafinta ta karanta abin da na karanta? In na sayo sabo na dafa na ce nata ne, na yi ƙarya ta biyu a kan ta farko. In na ce na cinye, ita ma ƙarya ce, ga su kuma a ƙarƙashin gado. In na dafa nata, yau wata tara ke nan da wucewar wa'adinsa, mace ce mai shekaru, kuma a gidana za ta ci.

Don haka ina roƙonku, duk wanda ya san gaskiyar abin nan ya taimake ni kafin Asabar. Amma ba na son "an ce" ko "na ji". Wanda ya taɓa cin tumatirin gwangwani da ya wuce wa'adi da bakinsa nake nema. Ya gaya mini wata nawa ya wuce, ko gwangwanin ya taɓa faɗuwa, da kwana nawa ya jira kafin ya tabbatar lafiyarsa ƙalau. In da hali kuma, a samu wani na kusa da shi ya shaida cewa shi ɗin ne da kansa ya rubuto.